Ƙarancin Testosteron Ga Namiji Mai Manyanta: Jagora Daga Gwaji Zuwa Magani

Namijin da ya haura shekara hamsin, idan ya fara jin kasala tun rana ba ta yi nisa ba, sha'awarsa ga iyali ta ja baya, tumbi ya fito kuma ƙarfin damtse ya ragu, ba ya rasa wanda zai ce masa testosteron ɗinsa ne ya yi ƙasa. Wani lokaci maganar gaskiya ce, kuma akwai mazan da suka shafe shekaru suna fama da rashin lafiyar da gwajin jini zai iya ganowa, amma kunya ta hana su buɗe baki gaban likita. Sai dai sau da yawa ba nan matsalar take ba, domin ƙiba, ciwon suga, rashin barci da wasu magunguna suna haifar da waɗannan alamomin, kuma su ne ma kan danne sinadarin tun farko. Mutumin da ya garzaya neman allura ba tare da an binciki waɗannan ba, ya bar jaki yana dukan taiki. Abin da wannan jagora ke son tabbatarwa shi ne a bi matakan bisa jerinsu, domin kowane mataki yana kare mutum daga kuskuren da tsallake shi ke jawowa.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Testosteron homon ne, wato sinadarin da jiki ke ƙerawa ya zuba cikin jini domin ya isar da umarni ga sauran gaɓoɓi. Shi ne ke riƙe da sha'awar namiji, yana taimakawa wajen gina tsoka da ƙarfin ƙashi, yana ƙarfafa ɓargo ya samar da jajayen ƙwayoyin jini, sannan ba a samun ƙwayoyin maniyyi sai da shi. Kusan dukkansa 'ya'yan maraina ne ke samar da shi, amma umarnin daga sama yake saukowa. Wani ɗan ƙaramin ƙulli a gindin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira fituwitari, yana sakin sinadarai biyu: LH mai sa maraina su ƙera testosteron, da FSH mai tallafa wa samuwar ƙwayoyin maniyyi. Idan ƙwaƙwalwa ta ga testosteron ya wadata a cikin jini, sai ta rage umarnin. Idan ta ga ya yi ƙasa, sai ta ƙara. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan tsarin a zuciyarsa, domin shi ne zai bayyana dalilin da ya sa testosteron na waje ke iya hana haihuwa.

Daga wajen shekara 40, adadin sinadarin yana raguwa a hankali, kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Wannan ya bambanta ƙwarai da abin da ke samun mace lokacin ɗaukewar al'ada, inda sinadaranta ke faɗuwa cikin 'yan shekaru kaɗan. Namiji mai ƙoshin lafiya, wanda bai tara kitse ba, yana iya kaiwa shekara saba'in adadinsa yana cikin iyakar da ake ɗauka lafiya ce. Saboda haka tsufa shi kaɗai ba hujja ba ce ta fara magani.

Mataki na farko: tantance alamomin da gaske suke nuni

Alamomin da ake jingina wa ƙarancin testosteron suna da yawa, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Wani babban bincike da aka yi a cibiyoyi takwas na Turai kan maza fiye da 3,000 masu shekara 40 zuwa 79, wanda aka wallafa a 2010, ya gano cewa alamomi uku ne suka fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarancin sinadarin: raguwar sha'awa, raguwar miƙewar gaba da asuba, da gazawar gaba wajen saduwa. Da aka haɗa waɗannan ukun da gwajin jini mai nuna ƙaranci, kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai na mazan suka cika sharuɗɗan. Wannan adadi ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da tallace-tallacen da ke nuna kamar kowane dattijo yana bukatar magani.

Gajiya, saurin fushi, mantuwa, rashin karsashi da yawan gyangyaɗi duk suna iya zuwa tare da ƙarancin, amma suna zuwa kuma tare da ciwon damuwa, ƙarancin jini, matsalar ƙullin tayiroid da ke maƙogwaro, ko nauyin ɗawainiyar rayuwa kawai. Akwai kuma alamomin da ba a yawan gani amma idan sun bayyana ba a wasa da su: ƙanƙancewar 'ya'yan maraina, zubewar gashin hammata da na mara, fitowar nono ko ciwo a cikinsa, zafi da gumi da ke taso wa mutum farat ɗaya, da karyewar ƙashi sakamakon ɗan tuntuɓen da bai kai ya karya ƙashi ba.

Kafin ka je wurin likita, ka ɗauki makonni biyu ko uku kana rubuta abin da kake gani: yaushe abin ya fara, sau nawa kake farkawa da miƙewar gaba, awa nawa kake barci, da sunan kowane magani da kake sha, har da wanda ka saya da kanka. Ka kuma tambayi matarka ko kana minshari mai ƙarfi, ko numfashinka yana ɗaukewa cikin barci, domin ita ce ke ganin abin da kai ba za ka taɓa gani ba. Wani abu da ya kamata a faɗa ƙarara shi ne, gazawar gaba ga mai matsakaicin shekaru ta fi yawan samo asali daga jijiyoyin jini fiye da sinadari, kuma takan riga ciwon zuciya bayyana da wasu shekaru. Wanda ya kai wannan ƙorafin asibiti ya cancanci a auna masa hawan jini, suga da kitsen jini, ko da testosteron ɗinsa lafiya lau yake.

Mataki na biyu: a yi gwajin jini yadda ya dace

A nan ne kurakurai suka fi yawa. Testosteron ba ya tsayawa wuri ɗaya a cikin yini. Yana kaiwa ƙololuwa da sassafe, sannan ya riƙa sauka har yamma. Cin abinci, musamman mai zaƙi, yana sa shi ya faɗi na 'yan awoyi. Zazzaɓi, tiyata ko kwanciya asibiti su ma suna danne shi na ɗan lokaci. Don haka ƙa'idar ita ce a ɗebi jini da safe, tsakanin ƙarfe 7 zuwa 10, kafin a karya kumallo, bayan barcin dare na al'ada, kuma a lokacin da mutum ba ya cikin wata jinya. Mai aikin dare ya gaya wa likita, domin nasa lokacin ana daidaita shi ne da sa'ar da yake farkawa.

A ɗauki misalin mutum mai shekara 56 da ya je ɗakin gwaji da ƙarfe uku na rana, bayan ya ci abinci, kuma mako guda kenan da tashinsa daga zazzaɓi. Takarda ta fito da lamba 240, wadda ke ƙasa da iyakar lafiya, ya dube ta gabansa ya faɗi, ya tabbata a ransa cewa ya gano ciwonsa. Da zai dawo bayan wata ɗaya da ƙarfe takwas na safe, cikinsa babu komai, babu mamaki lambar ta haura 350. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin likitoci suka haɗu a kan cewa gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai an maimaita a wata safiyar daban an sake samun ƙaranci. Maza da dama da gwajinsu na farko ya nuna ƙasa, na biyun yakan fito daidai.

Game da lambar da ake kira ƙaranci, akwai ɗan saɓani. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka, a jagorarta ta 2018, ta ɗauki ƙasa da nanogiram 300 a kowace desilita a matsayin iyaka. Ƙungiyar masana homon, a wannan shekarar, ta yi amfani da 264. A Turai an fi auna shi da nanomol a kowace lita, inda ake ɗaukar ƙasa da 8 a matsayin ƙaranci bayyananne, sama da 12 a matsayin wadata, abin da ke tsakani kuwa sai an ƙara dubawa. Ka lura da ma'aunin da aka rubuta kusa da lambarka, domin 12 a wannan ma'aunin ta yi daidai da kusan 350 a wancan, kuma rikita su biyun ya sha tayar wa mutane hankali a banza.

Akwai wani ƙarin bayani da ya shafi masu ƙiba da tsofaffi musamman. Mafi yawan testosteron da ke cikin jini a ɗaure yake da wasu sunadarai, babbansu ana kiransa SHBG, kuma ɗan abin da ke yawo a sake bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 ba. Ƙiba da ciwon suga suna rage SHBG, sai jimillar ta fito ƙasa alhali wanda ke aiki a jiki bai ragu sosai ba. Tsufa kuwa yana ƙara shi, sai jimillar ta fito da kyau alhali sakakken ya yi kaɗan. Idan sakamakonka yana bakin iyaka, ka nemi a auna SHBG a lissafa sakakken testosteron.

Mataki na uku: a nemo dalilin

Idan gwaji biyu sun tabbatar da ƙaranci, tambaya ta gaba ita ce daga ina matsalar take, kuma amsar tana cikin gwajin LH da FSH. Idan sun hau sama, ma'ana ƙwaƙwalwa tana ta ba da umarni amma maraina sun kasa amsawa. Wannan na iya biyo bayan hangum da ya sauka maraina bayan balaga, rauni ko murɗewar maraina, maganin ciwon daji, ko larurar gado da ake kira Kilanfelta, inda ake haihuwar namiji da ƙarin kuromozom na X, abin da ke samun kusan namiji ɗaya cikin 600 kuma da yawansu ba sa sani sai sun manyanta. Irin wannan ƙarancin ba ya komawa da kansa, kuma masu shi su ne suka fi kowa cancantar magani.

Idan kuwa LH da FSH suna ƙasa ko suna tsaka-tsaki duk da ƙarancin testosteron, to umarnin ne ba ya saukowa yadda ya kamata. Wannan shi ne yanayin mafi yawan maza masu manyanta, kuma a mafi yawan lokuta dalilin abu ne mai gyaruwa. Kitse, musamman na ciki, yana ɗauke da wani sinadari da ke juya testosteron zuwa estirojin, homon ɗin da ya fi yawa a jikin mata, wanda shi kuma ke sa ƙwaƙwalwa ta rage umarni. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su tiramadol, kodin da mofin suna danne tsarin sosai idan an daɗe ana shan su. Haka ma magungunan rage kumburi irin su firednisolon da dezametazon, da yawan shan giya, da ɗaukewar numfashi cikin barci, da ciwon ƙoda ko na hanta da ya daɗe, da cutar HIV. Wanda ya taɓa yin alluran gina tsoka a ƙuruciyarsa ya faɗa wa likita ba tare da ɓoyewa ba, domin tasirinsu yana iya daɗewa bayan an daina.

A cikin wannan rukunin akwai 'yan kaɗan da dalilinsu ya fi haɗari, kuma saboda su ne bai halatta a tsallake wannan matakin ba. Ƙari a fituwitari yana iya sakin sinadarin furolaktin da yawa ya kashe sha'awa, kuma idan ya girma ya danne jijiyar gani. Shi ya sa ake auna furolaktin, kuma idan testosteron ya faɗi ƙasa da nanogiram 150, ko mutum yana fama da ciwon kai da raguwar gani ta gefe, ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Taruwar sinadarin ƙarfe a jiki ma tana lalata fituwitari, kuma gwajin jini mai sauƙi yana gano ta. Mutumin da aka ɗora a kan allura ba tare da an duba waɗannan ba, lambarsa za ta yi kyau a takarda yayin da ciwon na ainihi ke ci gaba a ɓoye.

Mataki na huɗu: a gyara abin da ke gyaruwa

Ga namijin da ƙiba ce silar matsalarsa, rage nauyi shi ne maganin farko, kuma ba maganar lallashi ba ce. Bincike da dama sun nuna cewa testosteron yana tashi gwargwadon yadda nauyi ya sauka, har waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba sukan ga hauhawa mai yawa. Ka ɗauki tef ka auna ƙugunka daidai cibiya, kana tsaye, bayan ka fitar da numfashi. Idan ya haura santimita 102, nan ne aikinka yake. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye. Kashi na biyun nan ne dattawa suka fi sakaci da shi, alhali shi ne ke riƙe tsoka da ƙashi, wato abubuwan da ake tsoron rasawa tun farko.

Barci ma yana da rawar da yake takawa, domin cikinsa ne jiki ke ƙera mafi yawan sinadarin. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Chicago aka wallafa a 2011, samari masu lafiya da aka taƙaita barcinsu zuwa awa biyar a dare har mako guda sun rasa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na testosteron ɗinsu na rana. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa yana bukatar gwajin barci da magani. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa. Wanda ke shan tiramadol ko firednisolon ya tattauna da likita kan hanyar ragewa ko sauyawa, amma kada ya yanke su rana ɗaya da kansa, domin daina firednisolon farat ɗaya bayan dogon sha yana iya jefa rai cikin haɗari. A ba wannan matakin watanni uku zuwa shida, sannan a sake gwaji.

Ƙwayoyi da garin da ake tallatawa a intanet da sunan masu ƙara testosteron ba su da hujja mai ƙarfi a bayansu. Abin da ya fi damuna game da su shi ne, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sildenafil, wato maganin miƙewar gaba, a ɓoye cikin kayayyakin ƙarfin maza da aka rubuta musu cewa ganye ne zalla, kuma wannan maganin idan ya haɗu da magungunan zuciya na rukunin naitiret yana iya faɗar da hawan jini har ya kai ga mutuwa.

Mataki na biyar: auna amfani da haɗari kafin a fara magani

Burin dawo da ƙuruciya ta wannan hanyar tsoho ne. A 1889, likita Brown-Séquard ya tsaya gaban masana a birnin Faris yana da shekara 72, ya ba da labarin cewa ya yi wa kansa allurar ruwan marainan dabbobi kuma ƙarfinsa ya dawo. Yau an san cewa abin da ke cikin ruwan bai kai ya yi wani tasiri ba, tsammaninsa ne ya yi masa aiki. Sai a 1935 aka ware testosteron aka kuma haɗa shi a ɗakin gwaji. Labarin yana da amfani har yanzu, domin yana tunatar da mu dalilin da ya sa ake dogara ga gwajin da ke kwatanta magani da abin da ba magani ba, maimakon shaidar mutum ɗaya.

Irin waɗannan gwaje-gwajen sun ba da amsa mai matsakaicin daɗi. A wanda aka wallafa a 2016 kan maza 790 masu shekara 65 zuwa sama a Amurka, waɗanda suka shafa man testosteron na shekara guda sun sami ƙaruwar sha'awa da yawan saduwa, da ɗan sauƙi a yanayin zuciya, kuma daga baya aka ga ƙarancin jini ya gyaru, ƙashi ya ƙara kauri. Amma ƙarfin jiki da kuzari ba su ƙaru yadda aka yi fata ba, ƙwaƙwalwa kuma ba ta ƙara kaifi ba. Wanda zai fara magani ya san abin da zai samu: sha'awa ce ta fi amsawa, miƙewar gaba tana ɗan gyaruwa amma ba kamar yadda magungunan da aka yi dominta ke gyara ta ba.

Batun zuciya ya daɗe yana jawo muhawara har zuwa 2023, lokacin da aka fitar da sakamakon babban gwajin TRAVERSE kan maza fiye da 5,000 masu shekara 45 zuwa 80, dukkansu masu ciwon zuciya ko masu haɗarin kamuwa da shi. Bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya ba su ƙaru ba ga waɗanda suka yi amfani da sinadarin. Sai dai an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya, daskarewar jini a huhu da rauni na ƙoda, kuma abin mamaki, karyewar ƙashi ta fi yawa a cikinsu. Wannan sakamakon ya shafi mazan da aka tabbatar da ƙarancinsu kuma aka riƙe adadinsu cikin iyaka a ƙarƙashin kulawa. Ba ya wanke wanda ke zuba wa kansa allura yadda ya ga dama. Maganin kuma yana iya ɗaga hawan jini kaɗan.

Akwai waɗanda bai kamata su fara ba: mai ciwon dajin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, ko ciwon dajin nono, wanda gwajin PSA ɗinsa, wato gwajin jini na duba lafiyar furostet, ya haura 4 kafin likitan mafitsara ya duba shi, ko ya haura 3 idan yana cikin masu haɗari kamar baƙar fata ko wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, mai kaurin jini, mai ɗaukewar numfashi mai tsanani da ba a yi wa magani ba, mai wahalar fitsari sosai, mai gazawar zuciya da ba a shawo kanta ba, wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar jiki cikin watanni shida da suka wuce, da mai larurar saurin daskarewar jini.

Sai kuma wanda yake son haihuwa, kuma wannan ne gargaɗin da aka fi mantawa da shi. Idan testosteron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa tana ganin jini ya wadata sai ta kashe LH da FSH, maraina su daina aiki su ƙanƙance, ƙwayoyin maniyyi su ragu har wani lokaci su ɓace gaba ɗaya. Bayan an daina, farfaɗowa takan ɗauki watanni, wani lokaci shekara ɗaya ko biyu, kuma ga wanda ya manyanta ko ya daɗe a kai babu tabbacin za ta cika. Abin takaici ne a ga mutumin da ya je neman ƙarfin samun ɗa ya dawo da abin da ke hana shi. Mai wannan burin yana da wasu hanyoyin, kamar allurar hCG ko ƙwayar kulomifen, waɗanda ke zaburar da jiki ya ƙera nasa, kuma ƙwararre ne ke tsara su.

Mataki na shida: zaɓen nau'in magani

Idan an yanke shawarar farawa, nau'o'in da aka fi amfani da su allura ne da man shafawa. Allurar gajeren zango ana yin ta duk mako ɗaya ko biyu, wasu haɗe-haɗen duk mako uku. Tana da sauƙin samu, amma adadin yana hawa sosai a kwanakin farko ya sauka kafin ta gaba, har wasu su ji yanayinsu yana hawa da sauka tare da shi, kuma ita ce ta fi kaurara jini. Allurar dogon zango ana yin ta ne duk mako 10 zuwa 14 a asibiti, tana riƙe adadin daidai, sai dai idan matsala ta taso ba a iya janye ta. Saboda haka likitoci da yawa sun fi son dattijo ya fara da man shafawa, wanda ake iya dakatarwa gobe idan an ga abin da ba a so. Akwai kuma manne na fata, ƙananan dunƙule da ake dasawa ƙarƙashin fata, da sababbin ƙwayoyin sha. Tsohuwar ƙwayar metiltestosteron a guje ta, domin tana cutar da hanta.

Man shafawa yana da ladabinsa. Ana shafa shi da safe a kafaɗu da saman damtse, kan fata mai tsabta da ta bushe, ba a al'aura ba. A wanke hannu da sabulu nan take, a jira ya bushe, sannan a saka riga mai rufe wurin. Dalilin wannan tsanantawa shi ne sinadarin yana wucewa daga fata zuwa fata. Dattijon da ya shafa ya zauna ba riga, jikarsa 'yar shekara uku ta hau kafaɗarsa ta kwantar da kumatunta a wurin, ya ba ta maganin da bai sani ba. An sami yaran da gashin balaga ya fito musu da wuri ta wannan hanyar, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalayen a 2009. Mace mai ciki ma dole a kiyaye ta daga taɓa wurin.

Mataki na bakwai: bibiya, da sanin lokacin dainawa

Kafin ɗigon farko ya shiga jiki, a rubuta ma'aunin farawa na PSA, hawan jini da hematokirit, wato kason jajayen ƙwayoyin jini, wanda wasu ɗakunan gwaji ke rubutawa PCV. A sake dubawa bayan watanni uku zuwa shida, sannan a wata na 12, daga nan duk shekara. Manufar ita ce a kai adadin tsakiyar iyakar lafiya, wajen nanogiram 450 zuwa 600, ba a wuce ba. Lokacin ɗibar jinin ya danganta da nau'in magani: mai allurar gajeren zango a tsakiyar tazarar allurai biyu, mai ta dogon zango daf da allura ta gaba, mai man shafawa 'yan awoyi bayan ya shafa.

Idan hematokirit ya haura kashi 54 cikin 100, jini ya yi kaurin da ake tsoron daskarewarsa, kuma dole a dakata ko a rage har ya sauko. Idan PSA ya ƙaru da fiye da 1.4 a cikin shekarar farko, ko ya haura 4, a tura mutum wurin likitan mafitsara. Kumburin ƙafa ɗaya da ciwo, sarƙewar numfashi farat ɗaya, ciwon ƙirji ko bugawar zuciya ba bisa tsari ba, duk alamomi ne na zuwa asibiti a ranar, ba jiran ranar ganin likita ba. Ƙuraje, maiƙon fata da ɗan taurin nono sukan faru, kuma galibi daidaita adadin yana rage su.

Sha'awa takan fara motsawa cikin makonni uku zuwa shida, miƙewar gaba tana iya ɗaukar watanni, ƙashi kuwa sai an shekara ko fiye kafin a ga bambanci. Idan an kai watanni shida, lamba ta dawo daidai amma mutum bai ji wani sauyi a abin da ya kawo shi ba, to alama ce cewa ba sinadarin ne ke damunsa ba, kuma ya kamata a daina a koma neman dalilin. Dainawar a yi ta da sanin likita, kuma mutum ya shirya wa 'yan makonni ko watanni na kasala da raguwar sha'awa kafin maraina su farka su koma aikinsu. Bayan watanni biyu ko uku da dainawa, a sake ɗibar jini da safe kafin karin kumallo, domin a ga inda jikin ya tsaya da kansa.